Ranar da Malsun Ta Rufe Katunan Inja

Pyo Malsun ita ce ta biyar a jerin 'ya'ya mata, a gidan wani manomin tafarnuwa a garin Uiseong. Ranar da aka haife ta uban bai ko shigo gida ba, daga gona ya aiko da suna, irin sunan da ake sa wa yarinya idan ana roƙon ta zama ta ƙarshe. Roƙo ya karɓu, aka haifi namiji a bayanta. Tun daga nan Malsun ta tashi da ido mai auna kwanon wani. Ta san wa aka fasa wa ƙwai a kan shinkafa, ta san wa aka ce ya jira gobe. Ba ta taɓa tankawa ba, haɗiyewa take yi, kuma duk abin da Malsun ta haɗiye ba ya narkewa, yana nan a ajiye.

Tana da shekara goma sha shida aka sa ta a bas zuwa Daegu, aikin masaƙa. A ɗakin kwanan 'yan mata ta haɗu da Bang Inja, wata doguwa mai faɗin baki da dariyar da ake ji tun daga ƙarshen baranda, wadda ta girme ta da shekara uku. Da Inja ta ji sunanta sai ta ce, "To, Auta ke nan." A wurin cin abinci kuma ta tsinci yankan kifi daga kwanonta ta ɗora a kan shinkafar Malsun, ba tare da ta katse surutun da take yi da wasu ba. Ita Inja kafin a wanke kwanuka ta manta ta yi haka. Malsun kuwa a nan ta yanke hukunci cewa ta sami yaya, kuma ba ta da niyyar raba ta da kowa.

Haka suka zama tif da taya. Inja ce ta duba mata maneminta Dalsu direban tasi ta ce ya yi, duk da faɗin kunnuwansa. Inja ce ta riƙe mata hannu ranar da ta haifi 'yarta Haerim. Sai wata shekara ta zo da kamfanoni suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, masaƙa ta rufe. Malsun ta kama rumfa a layin masu abinci na kasuwa, tana sayar da mahaɗin shinkafa: kimci, wato kabeji mai tsami da barkono, ganyen riɗi mai yaji, tsiron wake, da 'yan ƙananan kifi soyayyu. Inja, da yake bakinta ne jarinta, ta zama dillaliyar katin bashi. Ta kafa ɗan tebur a ƙofar manyan kantuna tana tare masu wucewa, duk wanda ya sa hannu a buɗe masa kati ita kuma ta sami la'ada.

Aikin kati aikin ƙarshen wata ne. Kamfani yana yanka wa kowace dillaliya yawan mutanen da za ta kawo, in ba ta cika ba shugaban ofis ya karanta sunanta a gaban jama'a. To duk watan da abin ya ƙi cika, za ka ga Inja ta ɓullo rumfar Malsun da la'asar, ta zauna a kan kifaffen bokiti, ta sa hannu a tiren kifi ba tambaya.

"Auta, saura mutum ɗaya."

"Yaya, kati nawa zan yi? Ni kaɗai ce fa, ba ƙungiya ba ce."

"Wannan daban ne. Yana rage kuɗin mai."

"Mota gare ni?"

"Mijinki yana da ita. Sa hannu nan. Kifinki ya yi gishiri yau."

"In ya yi gishiri ki daina ci mana."

Malsun ta yi ta mita, ta sa hannu. Mitar kuwa iyakarta fatar baki. A duk wata babu ranar da take jira kamar wannan, ranar da Inja mai jama'a, wadda ta san rabin Daegu, za ta tsallake kowa ta zo wurinta. Inja ta yi ta sauya kamfani, kowane sabon kamfani kuma sabon kati ne, har katunan suka cika wata tsohuwar jakar hannu da Malsun ke ɗaurewa da roba. Katin da aka shekara ba a taɓa shi ba kamfani kan dakatar da shi, don haka Malsun ta riƙa kiwonsu kamar kaji, wannan ya sayi gishiri, wancan ya biya wuta, ɗayan ya sayi barkono. Ba ta taɓa barin ranar biya ta wuce ba.

Wanda ya daɗe yana biya a kan kari, makinsa na bashi, wanda bankuna ke auna amanar mutum da shi, hawa yake yi. Na Malsun ya haura ɗari tara da sittin cikin dubu. Ba ta taɓa neman rance a banki ba, ba ta kuma da niyya, to amma tun da aka fara duba maki a waya takan buɗe shi ta ajiye wayar a kan tebur fuska sama, ko mai kifin da ke maƙwabtaka da ita zai leƙa. Inja takan ce, "Aikina ne wannan. Duk katin da za ki rufe ki tambaye ni tukuna. Na farkon nan kuwa kar ki kuskura."

Ana nan ana nan, sai rumfar mai takalma da ke ƙarshen layi ta koma wurin sayar da kofi da gasasshen burodi. Mai wurin wata ce Gil Sohi, ba ta fi arba'in da 'yan kai ba, aurenta ya mutu, mijin ya bar ta da sunan da babu bankin da ke son ji. Fara ce, mai sanyin murya, irin mutanen nan da ke ba ka haƙuri ko kai ka taka su. Malsun ta nemi aibinta ta rasa, wannan ma ya ƙara mata haushi.

Inja kuwa uwar marayu ce tun fil azal. Ta ga yarinya a durƙushe, ta ce sai ta tashe ta. Ta samo mata ƙaramin kati, ta koya mata yadda ake gyara maki: kar ki ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na iyakar da aka yanka miki, kar ki ciri tsabar kuɗi da kati ko ana yanka ki, ki biya kafin a tambaye ki. Darasi kuma ba ya yiwuwa a tsaye, sai an zauna, sai an sha kofi. Daga rumfarta Malsun tana hango su. Inja takan fara biyowa ta wurinta dai, ta ɗauki kifi ɗaya, ta ce, "Ina zuwa, Auta," sannan ta wuce ƙarshen layi. Daga can dariyar nan za ta riƙa tasowa, Malsun tana yanka kabeji kamar shi ya yi mata laifi.

Abin da ya fi ci mata rai a gidan wanka ya faru. Tun suna masaƙa, duk Lahadin da ba aiki su biyu suke zuwa wankan jama'a da safe, su jiƙa a ruwan zafi, wannan ta cuɗa bayan wannan. Wata Lahadi Malsun ta iso da kwandon sabulunta, ta tarar da Inja a ƙofa, Sohi na tsaye a gefenta da nata kwandon.

"Ba ta da mai cuɗa mata baya," in ji Inja. "Ai ba damuwa ko?"

"Wace damuwa? Gidan wankan nawa ne?"

Da aka zo cuɗa Inja ta ce a yi layi, ita a tsakiya. Ta cuɗa bayan Malsun, Sohi kuma tana cuɗa na Inja. "Kai, hannun yarinyar nan akwai ƙarfi," in ji Inja, tana lumshe ido. Sannan aka juya. Malsun ta ɗaga soso ta dubi bayan da ta yi shekara arba'in tana cuɗawa, ta san kowane tabo a jikinsa, ta tarar an riga an cuɗe shi tas, ya yi ja, babu abin da aka rage mata. Ta goga soson sama-sama don kar a ce ba ta yi ba. A gabanta kuma Inja tana durza bayan Sohi tana yi mata faɗa a kan rama. Kishi ya taso wa Malsun, irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya a gidan ubanta. Da aka fito shan madara mai sanyi ta ce cikinta ba daɗi.

Ƙarshen wata ya zo. Malsun ta soya kifi da yawa, ta rage gishiri, ta goge bokitin. Inja ba ta zo ba sai bayan wata ya kama, tana fara'a.

"Yaya, wannan karon an cika ke nan?"

"Saura ɗaya ne, Sohi ta rufa mini asiri. Kin huta."

Malsun ta ce madalla. Wata na biye ma haka.

A gida Dalsu, wanda furfura ta cinye amma bakinsa bai tsufa ba, ya dube ta tana dire tukunya a kan tebur.

"Maman Haerim, shekara ashirin kina kukan kati ya yi miki yawa. Yau an hutar da ke, kuma kina kumburi."

"Wa ya ce ina kumburi?"

"Tukunyar ce ta faɗa mini."

"Ci abincinka."

"Kishi ne, ki faɗa kawai. Ni da nake ɗaukar fasinja mata kullum ba ki taɓa yi mini ko rabinsa ba. Har na fara jin haushi."

"Kai wa zai ɗauke ka da waɗannan kunnuwan?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. A ranta ta riga ta gama magana. Tun da an sami mai sa hannu, ita me ya sa za ta ci gaba da kiwon kajin wata?

Ta fara da tambaya a kasuwa, wai don wata 'yar'uwarta take tambaya: in mutum ya rufe katin da ba ya amfani da shi, makinsa zai taɓu? Mai kifi ya ce faɗuwa zai yi kamar dutse a rijiya, surukinsa ya gwada. Mai wainar shinkafa ta ce ƙarya ce, ita ta rufe biyar ko gezau. Mai magani ya ce ya danganta, wanda shi ne abin da yake cewa a kan komai. Kowa a layin malami ne. Mutum ɗaya ce ta san amsar da gaske, ita ce kuma wadda Malsun ba za ta tambaya ba.

Wata ranar ruwan sama da ba ciniki ta kwance robar jakar, ta baje katunan a kan tebur, ta fara kiran kamfanoni. Kowace yarinya ta ɗauka sai ta lallashe ta, a yafe miki kuɗin shekara, a ƙara miki kaza. Malsun ta ce a rufe. Duk wanda aka rufe ta sa almakashin yanka kimci ta raba shi biyu, tana jin wani sanyi-sanyi a ranta. Ta bar na farkon a ƙarshe. An sabunta shi sau da yawa, launinsa ya sauya, amma asusun shi ne dai na tun farko.

Yarinyar da ta ɗauki wannan kiran ta duba na'ura.

"Ranki ya daɗe, kin fi shekara ashirin da wannan katin. Rufe kati ba laifi ba ne, ba a rage wa mutum maki don ya rufe kawai. Sai dai wannan shi ne ke nuna daɗewarki. In kuma kin rufe da yawa lokaci ɗaya, iyakar da aka yanka miki za ta ragu, abin da kike kashewa ya zama kamar ya yi yawa. Makin zai iya sauka."

"In na sake buɗewa fa?"

"Sabo za a buɗe miki. Daga farko za a fara ƙirga."

Malsun ta riƙe katin tana juya shi. Har ga zuciyarta ta so ta ce a bari. Sai dariyar Inja ta taso daga ƙarshen layi, ta ratso ƙarar ruwan da ke dukan rufin kasuwa. Ashe tana can tun ɗazu, yau ko biyowa ba ta yi ba.

"Rufe," in ji Malsun.

Kati ɗaya ta bari, na bankinta, wanda ba Inja ce ta buɗe mata ba.

Ba a yi mako ba Inja ta zo. Biyu daga cikin katunan ba su cika wata shida ba, don haka kamfani ya karɓe la'adar da ya biya ta, ta nan labari ya same ta. Ta tsaya a gaban rumfa, ba ta zauna a bokiti ba, ba ta dubi kifi ba.

"Auta, an kira ni ofis. Wai kin rufe."

"Sun yi mini yawa. Ai kin sami mai yi miki."

"Har na farkon?"

"Kuɗin shekara yake ci mini."

"Kin tuna ranar da kika sa hannu a kansa? Kwana da kwanaki ina tsaye a bakin titi, kowa ya ratse ni kamar ina bara. Har na ce gobe zan ajiye aikin. Kika rufe rumfa da rana tsaka kika zo, hannunki duk barkono. Ke ce mutum ta farko da na taɓa rubutawa." Ta numfasa. "La'adar ba ta dame ni ba. Na daina zuwa ne don kullum kina cewa sun yi miki yawa. Na ce bari in raga wa yarinyar nan, mun tsufa."

Amsa tana bakin Malsun. So take ta ce, ni na ce ki raga mini? Ni da nake soya kifi ina jiran ki? To amma wanda ya saba haɗiye magana, ranar da ya kamata ta fito ba ta san hanya ba. Ga mai kifi ya kasa kunne. Ga Sohi can tana leƙowa.

"Za ki sayi wani abu ne?" in ji Malsun. "Kin tare mini gaban rumfa."

Inja ta dube ta kamar ba ta san ta ba, ta gyara jakarta a kafaɗa, ta tafi. Wannan karon ba ta nufi ƙarshen layi ba, ƙofar kasuwa ta bi.

Makin kuwa ya sauka. Kabeji, barkono, wuta, haya, duk suka taru a kan kati ɗaya, kullum yana dab da iyakarsa. Cikin wata biyu maki ya dawo ƙasa da ɗari tara. Mai kifi, wanda dama jira yake, ya ce, "'Yar'uwar nan taki ta rufe ke nan? Na ga an daina ajiye waya fuska sama." Malsun ta yi masa banza. Babu abin da makin ya hana ta, ba rance take nema ba, daga baya ma ya fara hawa kaɗan-kaɗan da kansa. Amma kullum da safe sai ta buɗe shi ta duba, ta ja tsaki. Ranar Lahadi kuma ta koma wani gidan wanka a wata unguwa, tana biyan ma'aikaciya ta cuɗa mata baya. Inja ta ci gaba da zuwa wurin Sohi, sai dai ta ƙofar baya take shigowa. Dariyar tana nan, ba ta ragu ba.

Da kaka ta shigo, ana shirin bikin girbi, Malsun ta gaji. Ta cika roba da ganyen riɗi, irin wanda Inja ke so, ta rufe rumfa da rana, ta hau bas zuwa kantin da Inja ke kafa tebur. Tun daga nesa ta hango ta tana tare wata mai goyo, ta ga ta rame kaɗan, ta ji daɗin hakan, sannan ta ji kunyar jin daɗin.

"Makina ya faɗi," in ji Malsun, ba sallama. "An ce in na ƙara kati zai taimaka."

"Zai taimaka. Zauna."

Inja ta jawo na'urarta, ta karɓi katin shaida, ta yi tambayoyin da ake yi, ta nuna inda za a sa hannu. Ba faɗa, ba gori. Ta karɓi robar ganyen ta ce an gode. Sannan ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta jawo wani babban kwali mai hoton kaskon suya guda uku, ta sa shi a leda, ta miƙa mata da hannu biyu.

"Riƙe wannan. Masu kyau ne, ba sa kamu."

Malsun ta sha ganin irin kwalayen nan a ƙarƙashin teburin Inja, amma duk katunan da ta yi, ko sau ɗaya ba a taɓa miƙo mata ba. A bas ta rungume shi a cinya, zuciyarta fes. Ta ce a ranta, Yaya ke nan, ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, sai da kasko. Ashe dai ta san wadda ta daɗe.

Ba ta wuce gida da shi ba. Ta ratsa layin kasuwa tun daga farko har ƙarshe, leda tana bugun ƙafarta, ta tsaya a gaban rumfar Sohi, inda ba ta taɓa sayen ko ruwa ba. Ta dire kwalin a kan kanta, hoton yana kallon mai rumfa.

"Ba ni kofi."

Sohi ta rikice don murna, ta shiga goge kofin da yake a goge. "Yau kuma Yaya Malsun da kanta. Kai, waɗannan kasake sun yi kyau."

"Yaya Inja ce ta ba ni. Ke wane iri ta ba ki? Kati uku kika yi mata, ai sai babban kwali."

"Ni?" Sohi ta yi dariya tana zuba ruwan zafi. "A na farko dai ta ba ni tawul, lokacin ba mu saba ba. Tun daga nan ko cokali. Rannan na tsokane ta na ce ina kaskona, ta ce in rufe mata baki, wai kyauta ta baƙi ce, na gida ba a biyansa." Ta turo kofin gabanta. "In sa suga?"

Malsun ta dubi kwalin da ke kan kanta. Wata da watanni tana kishi a kan zato, yau ga shi ya tabbata: Sohi ce ta gida, ita ta zama baƙuwa, kuma da almakashinta ta jawo wa kanta. Ta ɗauki kofin ta kai baki da zafinsa, a tsaye, don kar yarinyar ta ga fuskarta.